Kuben Katako, Mai Gadin Jarin Wuƙaƙen Japan

A shekarar 2021 ƙasar Japan ta sayar wa ƙasashen waje wuƙaƙen girki na kimanin yen biliyan 12, adadin da bai taɓa kai haka ba kafin wannan shekara, kamar yadda alƙaluman hukumar kwastan ta ƙasar suka nuna. Abin da masu saye suke biyan wannan kuɗi dominsa bai wuce bakin wuƙar ba, wato wani siririn layi na kaifi wanda kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Wannan kaifi, wanda maƙeri da mai washi suka ɓata kwanaki kafin su fitar da shi, yana iya lalacewa cikin ƙiftawar ido idan wuƙar ta gogi cokali a cikin aljihun tebur, ko ta faɗo a kan daɓen siminti.

Saboda haka ne masu wannan sana'a suka daɗe da riƙon wata al'ada da suka gada daga zamanin takubba, ta sanya wuƙa a cikin kuben katako wanda a harshensu suke kira saya. Kuben ba shi da tsada idan aka gwada shi da wuƙar da yake ɗauke da ita, amma a kansa ne lafiyar jarin mai dafa abinci ta rataya, haka kuma wani ɓangare na mutuncin da kayan ƙirar Japan suka samu a kasuwannin duniya.

Daga takobi zuwa wuƙar girki

Cibiyar ƙera wuƙaƙen da ta fi shahara a Japan ita ce birnin Sakai da ke kusa da Osaka. Fatake daga Fotugal sun isa tsibirin Tanegashima a shekarar 1543 ɗauke da bindigogi, daga bisani kuma taba ta shigo ƙasar. Maƙeran Sakai suka ƙware a ƙirar bindiga, sannan suka shiga ƙera wuƙaƙen yanka ganyen taba. Ingancin waɗannan wuƙaƙe ya sa gwamnatin gidan Tokugawa ta ba su hatimi na musamman da ake bugawa a jikinsu, abin da ya buɗe musu kasuwa a duk faɗin ƙasar. Har yanzu ana yawan ƙiyasta cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na wuƙaƙen gargajiya da ƙwararrun masu dafa abinci suke amfani da su a Japan daga Sakai suke fitowa.

Akwai kuma birnin Seki a lardin Gifu, wanda ya yi suna da ƙirar takubba tun wajen ƙarni na 13, da Echizen a lardin Fukui, da garuruwan Sanjo da Tsubame a lardin Niigata, da yankin Tosa a lardin Kochi. Kowannensu yana da salon ƙirarsa da irin kasuwar da yake nema.

Babban sauyi ya zo ne a shekarar 1876, lokacin da gwamnatin Meiji ta kafa dokar hana rataya takobi a bainar jama'a. Dare ɗaya maƙeran takubba suka rasa masu sayen kayansu, da yawa daga cikinsu suka koma ƙera wuƙaƙe da almakasai da kayan noma. An sake samun irin wannan koma-baya bayan yaƙin duniya na biyu, sa'ad da sojojin mamaya suka haramta ƙirar takobi a 1945, ba a kuma sake ba da izini ba sai a 1953. Ta wannan hanya ce fasahar takobi ta gangaro ɗakin girki, tare da ita kuwa har da fasahar kube.

Tun asali mai takobi a Japan yakan mallaki kube iri biyu. Akwai na fita, wanda ake shafe shi da fenti mai sheƙi a yi masa ado, akwai kuma na ajiya da ake kira shirasaya, wato farin kube, wanda katako ne zalla babu fenti babu ado. A cikin wannan na biyun ne takobi yake hutawa idan ba a bukatarsa. Kuben wuƙar girki na yau jikan wannan farin kube ne, da irin itacensa da kuma tsarin sassaƙarsa.

Tauri da gautsi

Domin a fahimci dalilin da ya sa waɗannan wuƙaƙe suke bukatar kariya fiye da sauran, wajibi ne a dubi irin ƙarfen da ake ƙera su da shi. Biyu daga cikin ƙarafan da maƙera suka fi so su ne shirogami da aogami, ma'ana farar takarda da shuɗiyar takarda, sunayen da suka samo asali daga launin takardar da masana'anta take liƙa musu. Ana narka su a masana'antar Yasugi da ke lardin Shimane, mallakar kamfanin Hitachi Metals wanda ya sauya suna zuwa Proterial a 2023. Sinadarin kabon da ke cikin yawancin nau'o'insu ya haura kashi 1 cikin 100, shi ya sa suke yin tauri ƙwarai idan aka gasa su aka tsoma a ruwa.

A bisa ma'aunin tauri na Rockwell, wuƙaƙen Japan sukan kama daga 60 zuwa 65, alhali yawancin na Jamus da Faransa suna tsakanin 55 da 58. Wannan tazara tana da ma'ana babba a wurin aiki. Ƙarfe mai tauri yana karɓar washi har ya yi siriri matuƙa, kuma yana daɗewa bai dakushe ba. Sai dai duk abin da ya cika tauri yana da gautsi. Wuƙar Turai idan ta bugi ƙashi bakinta lanƙwasa yake yi, a goga shi a jikin ƙarfe ya miƙe. Ta Japan kuwa ɓallewa take yi ta bar giɓi, kuma ba a kawar da giɓi sai an cinye ƙarfen bakin gaba ɗaya a kan dutsen washi har a kai zurfinsa. Kowane gyara irin wannan yana rage faɗin wuƙar, yana kuma rage shekarun aikinta.

Matsalar ta fi tsanani ga wuƙaƙen gargajiya masu washi ta gefe guda. Cikinsu akwai yanagiba, doguwa siririya mai kama da ganye wadda ake yanka ɗanyen kifi da ita, tsawonta yakan kai santimita 27 zuwa 30. Akwai deba mai kauri ta fiɗar kifi, da usuba ta yankan ganye da kayan lambu. Bayan kowace daga cikinsu yana da ɗan rami mara zurfi da ke hana abin da aka yanka mannewa a jikinta. Tsinin yanagiba shi ne wurin da ya fi saurin karyewa, kuma idan ya karye sai an sake fasalin gaban wuƙar dukansa.

Bugu da ƙari, irin wannan ƙarfe ba ya jure ruwa. Ɗigon ruwa ko ruwan lemun tsami da aka bari a kansa na ɗan lokaci ya isa ya haifar da tsatsa. Ke nan abokan gaban wuƙar biyu ne, karo da danshi, kuma kuben katako an tsara shi ne domin ya tare na farko ba tare da ya gayyato na biyu ba.

Itacen da aka zaɓa

Itacen da aka fi sassaƙa kube da shi shi ne wanda Japanawa suke kira ho, wani dogon itace mai manyan ganye daga dangin magnoliya, wanda yake fitowa a dazuzzukan tsaunukan ƙasar tun daga Hokkaido har zuwa Kyushu. Mutanen yankin Hida a lardin Gifu suna gasa abinci a kan ganyensa, katakonsa kuwa an daɗe ana yin allon yanka da takalman katako da shi.

Dalilan zaɓensa a bayyane suke. Yana da laushi, don haka idan bakin wuƙa ya taɓa shi katakon ne yake ba da kai, ba ƙarfen ba. Ba shi da yawan ƙaro ko tsamin da zai ci ƙarfe, saɓanin wasu itatuwa. Ba shi da nauyi, yana da sauƙin sassaƙa, kuma idan ya bushe sosai ba ya cika karkacewa ko tsagewa. Da shi ne kuma ake yin ƙotar wuƙaƙen gargajiya, a ɗaure bakinta da zoben ƙahon ɓauna. Masu sassaƙa kuben takobi sukan ajiye katakon shekaru da dama yana shan iska kafin su taɓa shi, domin ɗanyen katako yana riƙe da ruwan da zai lalata ƙarfe.

Yadda ake aikin kuwa shi ne, masassaƙi yakan tsaga katako gida biyu, ya ɗora wuƙar a kai ya zana siffarta, sannan ya rarake gurbinta da cizal sannu a hankali, yana gwadawa yana ƙara rarakewa. Idan wuƙar mai washi ta gefe guda ce, ɓari ɗaya ne yake ɗaukar yawancin ramin. Burinsa shi ne kuben ya kama wuƙar ta gadon bayanta da wajen gindinta inda ƙarfen yake da kauri, ya bar bakin yana reto a sarari ba ya gugar komai. Ƙwararru suna guje wa amfani da samfefa a cikin ramin, saboda ƙwayar yashi guda da ta maƙale a katako za ta riƙa karce wuƙar duk lokacin da aka zare ta ko aka mayar.

Bayan haka sai a manne ɓarin biyu. A al'adar kuben takobi da dafaffiyar shinkafa ake yin mannen, a murje ta har ta yi danƙo, domin ba ta cutar da ƙarfe, kuma idan cikin kuben ya yi datti ana iya raba shi a tsabtace a sake mannewa. Yawancin kuben wuƙaƙen girki na yanzu da gam na zamani ake haɗa su. Daga ƙarshe sai a huda ƙaramin rami a bayan dunduniyar wuƙar, a soka 'yar ƙusar katako, sau da yawa ta baƙin itace, wadda take hana wuƙar zamewa ta fito. Wasu sukan ɗaure ƙusar da zare a jikin kuben, don ita ce abin da ya fi saurin ɓata.

Kuben da kan juya ya zama abokin gaba

Masu sayar da wuƙaƙe suna yawan jan hankalin abokan cinikinsu cewa kube ba ya maye gurbin kulawa. Katako yana shan ruwa, kuma idan aka soka jiƙaƙƙiyar wuƙa a cikinsa ruwan ba shi da hanyar fita. Mai wuƙa yana iya buɗe kubensa bayan kwana biyu ya tarar da tsatsa ta yi ja a jikin ƙarfen, wani lokaci ma ta huda shi da ƙananan ramuka waɗanda washi ba ya gogewa da sauƙi. Ragowar kifi ko gishiri da suka shiga ramin kuwa ba a iya wanke su, sai su zama matattarar wari da ƙwayoyin cuta.

Ƙa'idar da masu sana'ar suka yi ittifaƙi a kanta ita ce, a wanke wuƙa da hannu da zarar an gama aiki, a share ta da busasshen tsumma, a bar ta ta sha iska har sauran danshin ya tafi, sannan a mayar da ita kube. Idan za a daɗe ba a yi amfani da ita ba, a shafa mata ɗan man tsubaki, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wani furen Japan, ko wani mai mara wari da ba ya cutar da abinci. Ba a wanke kuben kansa da ruwa, ba a kuma ajiye shi kusa da murhu ko a rana. Wajen zarewa da mayarwa ana jingina gadon bayan wuƙar ne a jikin katako, don kada bakin ya yanki cikin kuben ya tara ɓarɓashi.

Yanayi ma yana da tasiri. Japan ƙasa ce mai yawan danshi, musamman a daminar watannin Yuni da Yuli. Kuben da aka sassaƙa a can ya kama wuƙa daram yana iya sakin jiki idan ya isa ƙasa mai busasshiyar iska irin ta hunturu, ko ya kumbura ya riƙe wuƙar gam a inda danshi ya fi yawa. Wannan na daga cikin abubuwan da dillalai masu fitar da kaya suke la'akari da su.

Doka da tafiya

Akwai kuma dalili na doka. Dokar Japan ta 1958 mai kula da bindigogi da takubba ta haramta yawo da wuƙar da tsawon bakinta ya wuce santimita 6, sai da hujjar sana'a ko wani dalili karɓaɓɓe. Mai dafa abinci da zai tafi wurin aiki, ko wanda ya sayo sabuwar wuƙa, ko mai kai tasa wurin washi, yana da hujja, amma ana sa ran ya ɗauke ta a rufe, a naɗe, ta yadda ba za a iya zaro ta nan take ba. A Japan, kamar sauran wurare da dama, ƙwararren mai dafa abinci shi yake sayen wuƙaƙensa da kuɗinsa, kuma da su yake tafiya idan ya sauya wurin aiki. Kube mai ƙusa, a cikin jaka ko ƙunshin zane, shi ne abin da yake kare wuƙar daga 'yan uwanta, ya kuma kare hannun mai ita.

Haka abin yake ga baƙi masu yawon buɗe ido, waɗanda ba a yarda su shiga jirgin sama da wuƙa a hannu ba, sai dai su sa ta a cikin akwatin da za a loda. Akwatin kuwa jifa da matsi yake sha kafin ya isa.

Kasuwa ta buɗe

Bunƙasar wannan ciniki tana tafiya ne tare da yaɗuwar abincin Japan a duniya. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya girkin gargajiya na ƙasar cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ma'aikatar aikin gona ta Japan ta ƙiyasta cewa gidajen sayar da abincin Japan a ƙasashen waje sun tashi daga kimanin 24,000 a 2006 zuwa 55,000 a 2013, sannan suka kai kimanin 187,000 a 2023. Zaman gida da annobar korona ta tilasta wa mutane a 2020 da 2021 ya ƙara yawan masu girki a gidajensu, da yawansu kuma suka nemi kayan aiki masu inganci ta intanet.

Bayan an sake buɗe iyakoki, baƙin da suka ziyarci Japan sun kai kusan miliyan 37 a 2024, shekarar da darajar yen ta faɗi har dalar Amurka guda ta haura yen 160. Wannan ya sa kayan Japan suka yi wa baƙo araha. Shagunan titin Kappabashi a Tokiyo, da na Doguyasuji a Osaka, da tsohon shagon Aritsugu na kasuwar Nishiki a Kiyoto wanda tarihinsa ya faro daga 1560, duk sun zama wuraren da baƙi suke tururuwa.

A irin waɗannan shaguna wuƙa mai kyau takan kai ɗaruruwan daloli, nau'in honyaki kuwa, wanda ake ƙerawa da ƙarfe mai tauri zalla ba gauraye, yakan haura dala dubu. Kube na yau da kullum bai cika wuce 'yan gomomin daloli ba. Lissafin a fili yake: abin da za a kashe a kan kube bai kai asarar tsini guda da ya karye ba, balle ma ga mai saye da ke zaune a ƙasar da babu ƙwararren mai washi kusa da shi.

Sai dai kuben da ke kasuwa iri biyu ne. Akwai wanda inji yake fitarwa da yawa a kan awo guda, a ce wannan na wuƙa mai santimita 21 ne, wancan na mai 24. Akwai kuma wanda aka sassaƙa wa wuƙa guda ita kaɗai. Da yake wuƙaƙen hannu ba sa zama daidai da juna ko da maƙeri ɗaya ne ya ƙera su, kuben inji yakan yi wa wata yawa ta riƙa kaɗawa a ciki, ya yi wa wata kaɗan. Shi ya sa shaguna da dama suke shawartar mai saye ya haɗa wuƙa da kubenta a lokaci guda, a gwada a gabansa, tun da araha ba ta ado.

Kuben katako yana da abokan takara. Akwai marufin roba mai rahusa wanda ake iya wankewa, akwai kuben fata, akwai kuma allon maganaɗisu da ake kafawa a bango. Kowanne da amfaninsa da aibinsa. Roba tana kulle danshi, tana kuma karce jikin wuƙa idan datti ya shiga. Fata tana riƙe ruwa, wasu magungunan jima kuma suna cin ƙarfe idan aka daɗe. Allon bango yana da kyau ga wuƙar da ba ta barin ɗakin girki, amma ba ya tafiya da ita ko'ina.

Ƙarancin magada

Barazanar da ta fi girma ba daga roba take ba, daga ƙarancin hannu take. A Sakai aikin wuƙa a rabe yake: maƙeri daban, mai washi daban, mai ƙota daban, sannan dillali ya haɗa ya buga sunansa ya sayar. Wannan tsari shi ne sirrin ingancin kayan garin, amma kuma yana nufin idan sashe guda ya raunana duk sauran sai su tsaya. Aikin katako shi ne mafi ƙarancin riba da suna a cikin jerin, domin sunan maƙeri ake nema, ba a cika tambayar wanda ya sassaƙa ƙota ko kube ba.

Gwamnatin Japan ta kafa dokar bunƙasa sana'o'in gargajiya a 1974, a ƙarƙashinta aka amince da ƙirar Echizen a 1979, ta Sakai a 1982, ta Tosa kuma a 1998. Duk da haka, yawan masu aiki a sana'o'in gargajiya na ƙasar baki ɗaya ya ragu daga kusan 290,000 a ƙarshen shekarun 1970 zuwa ƙasa da 60,000 a 2020, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rage dattawa ne. Wasu yankuna sun nemi mafita. A Echizen maƙera sun haɗa kai suka buɗe ƙauyen wuƙa na Takefu a 1993, inda suke aiki a rumfa guda suna horar da matasa, tsarin da ya jawo sababbin hannu cikin sana'ar.

A ɗaya ɓangaren kuma, ƙaruwar bukata ta haifar da ƙananan masassaƙa a Amurka da Turai, waɗanda ake aika musu da wuƙa su yi mata kube da itatuwan ƙasashensu. Wannan ya rage wa mai saye jira, amma ya nuna cewa wani yanki na ribar cinikin ya fara barin Japan.

Masu lura da harkar suna ganin cewa ɗorewar wannan kasuwa ba ta tsaya ga yawan wuƙaƙen da aka loda a jirgi ba. Wanda wuƙarsa ta yi giɓi ko tsatsa a watan farko ba zai sake saye ba, kuma zai gaya wa wasu. Wanda aka sayar masa da ita cikin kuben da ya dace, aka kuma koya masa ya busar da ita kafin ya mayar, yana iya aiki da ita shekaru ashirin ko fiye. Saboda haka horar da masassaƙa, da tanadin busasshen katakon ho, da wayar da kan masu saye, duk suna cikin abubuwan da masana'antar za ta zuba wa jari idan tana son riƙe kasuwar da ta samu.